Ya'u Kafinta da Malam Sukwaya

Duk wanda ya yi wayo a Dutsin-Ma kafin yaƙin basasa ya san rumfar Ya'u Kafinta, nan kusa da tasha, a gindin wata ƙatuwar tsamiya. Tun daga nesa ake jin kukan zarto da ƙamshin sabon katako. Dogo ne siriri, kullum da guntun fensir a bayan kunne, kuma magana ba ta dame shi ba. Amma ba ɗan garin ba ne. Mutumin Kurfi ne, kuma a gidansu babu wanda ya taɓa cin abinci da guduma kafin shi.

Mahaifinsa, Malam Lawal, fataucin hatsi ya gada. Da kaka yakan bi Barkiya da Birchi da jakunansa ya sayi gero da dawa, ya cika rumbuna, in bazara ta yi ya fitar kasuwa. 'Ya'yansa maza duk a bakin taikin hatsi suka tashi. Da aka zo neman yaran da za a sa boko, sai ya ba da Ya'u, ba don yana so ba. Daga baya da ya riƙa ganin malaman En'e suna shigowa kasuwa a kan keke da farar riga, ana yi musu barka da zuwa, sai ya kwantar da ransa, ya ce to, Allah ya sa a samu akawu a gidan.

Ya'u ya yi elemantare a Kurfi, ya wuce siniya firamare a Dutsin-Ma. Lissafi yana shiga kansa, Turanci ne ya ƙi. Da sakamakon jarrabawa ya fito, abokinsa Sa'idu ya samu sakandare a Katsina, shi kuwa aka tura shi makarantar koyon sana'a, ɗaya daga cikin waɗanda gwamnati ta buɗe a shekarun nan kafin a samu mulkin kai. Mutane suna ce mata makarantar 'yan guduma, ba kuma da yabo suke faɗa ba.

Ya ishe mahaifinsa a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya faɗa masa.

Malam Lawal ya ce, "Mi za su koya maka can?"

"Aikin katako, Baba, da na ƙarfe, da gini."

"Ƙarfe. Watau ƙira ke nan." Ya ja carbinsa. "Na ba da ɗa a maido mani malami, sai a maido mani maƙeri? Mu ba mu gaji ƙira ba, ba mu gaji sassaƙa ba. Wa za ya ba ka ɗiya garin nan?"

Da maganar ta mutu a nan, ba don Gwaggo Ma'u ba, yayar Malam Lawal, wadda ita kaɗai take iya kiran sunansa gatsal. Ta aika aka kira mata shi, ta ce, "Lawal, kai ba ka ga yaron nan ba tun yana ƙarami? Ba ya barin kara ya huta, yau motar kara, gobe keken kara, duk 'yan unguwa shi ke yi masu. Abin a hannunsa Allah ya sa shi. Bar shi ya tafi. Sana'a ba ta goge asali." Malam Lawal bai ƙara hanawa ba. Ranar tafiya dai Inno, mahaifiyar Ya'u, ta ƙulle masa ƙuliƙuli da garin fura a ƙyalle, aka sa shi a motar kaya.

Shekarun da ya yi a makarantar nan su ne waɗanda ya fi son ba da labarinsu har ya tsufa. Da safe aji, a yi Turanci da lissafi da zane, da hantsi a shiga shago cikin gajeren wandon kaki. Ana juya su tsakanin katako da ƙarfe da gini, har a ga inda hannun yaro ya fi faɗawa. Yakan tuna yadda suke rububin ƙanzon tuwo, da ƙwallon da suke bugawa ba takalmi, da ranar da wani ɗan Daura ya gina katanga ta gwaji, malami ya jingina da ita yana yaba masa, ta tafi da shi ƙasa.

Malamin katako wani mutumin kudu ne, daga gabas, gajere mai ƙiba, ya daɗe a arewa. Sunansa ya yi wa yara nauyin baki, sai suka laƙaba masa Malam Sukwaya, saboda duk abin da ka kawo masa, kafin ya ce uffan sai ya ɗora masa sukwaya, ƙarfen nan na gwada kusurwa. In haske ya ratsa tsakani, sai ya miƙo maka abinka ya ce, "Yaro, katako ba ta ƙarya. Kai ce ka yi ƙarya." Hausarsa ke nan, namiji ya koma mace, mace ta koma namiji, yara su riƙe dariya har ya juya baya. Bai taɓa dukan kowa ba. Horonsa shi ne a sake, kuma Ya'u ya sake ƙafar teburi ɗaya har ya fara mafarkinta. Amma ran da ya yi haɗin farko da ya zauna daram ba ƙusa, Malam Sukwaya ya ɗaga shi ya nuna wa aji, sa'annan ya kai Ya'u gidansa, matarsa ta ba shi doya da manja. Ya'u ya ce ranar ya fara cin doya a rayuwarsa.

Da hutu ya zo wa mahaifinsa da kujera mai naɗewa, aikin hannunsa. Malam Lawal ya dube ta, ya ce madalla, ya ci gaba da zama a buzunsa. Aka jingine ta a zaure. Sai baƙi suka riƙa buɗe ta suna zama suna tambayar daga Kano aka sayo ta? Tun yana cewa yaro ne ya yi wasa da ita a makaranta, har ya koma cewa, "Ɗana ya yi ta."

Da suka gama, an zaɓi Ya'u cikin waɗanda za su wuce babbar makarantar sana'a. Bai je ba. A shekarar ciwon ƙafa ya kwantar da Malam Lawal, yayyensa suna kan hanya da jakuna, gida ba namiji. Malam Sukwaya ya yi ta lallashinsa, da ya ga ba hali sai ya ce, "To, ka je. Amma kar ka ajiye hannu." Ya'u ya yi damina ɗaya yana auna hatsi, da jikin tsoho ya yi sauƙi ya nemi izini ya kafa rumfa a Dutsin-Ma, inda ya fi mutane.

Farko abin bai yi armashi ba. Mutane sun saba da asabari da ƙyauren kara, turmi da akushi kuwa akwai masassaƙa. Ya yi watanni ba abin da ake kawo masa sai gyaran ƙafar benci. Amma lokacin gyaɗa da auduga suna daraja, masu hali suka fara rufin kwano, rufin kwano kuwa yana son katako, yana son ƙofa da taga. Sai akwatin amare, sai bencin sababbin makarantu. Manoma masu garmar shanu suka fara neman keken shanu, ya haɗa kai da wani maƙeri na Barkiya, Rabo, shi ya yi katako, Rabo ya yi ƙarfe. Maganar wa zai ba shi ɗiya ma ta warware, don Rabo bai gama yi masa tayin ƙanwarsa ba wani attajirin shanu ya riga shi. Ya'u ya auri ɗiyar attajirin, Rekiya, suka samu tagwaye, Hassana da Huseina. Sa'idu, wanda ya zama malamin asibiti, yakan jingine kekensa a tsamiyar nan da yamma su yi hira, ya ce shi dai yana kishin mutumin da ba mai yi masa canjin gari.

Sai shekarar 1966 ta zo, ƙasa ta rikice, mutanen gabas suka fara barin arewa cikin tsoro. Wata ranar kasuwa da hantsi Ya'u yana tsaga katako, sai ya ji an ce, "Yaro." Ya ɗaga kai ya ga Malam Sukwaya, ya rame, ya sa wata tsohuwar riga da hula don ya saje, bayansa matarsa da 'ya'ya uku. Motar da ta ɗauko su ta sauke su a nan, direban ya ce shi ba zai iya wucewa da su ba, ya ji hanya ba lafiya.

Ya'u bai tsaya tambaya ba. Gidansa a bakin hanya yake, kowa na gani. Akwai sabon keken shanu da zai kai wa wani manomi a wajen Birchi, sai ya sa aka ɗaura shanu, Rekiya ta ba matar zane da mayafi, aka zaunar da su a tsakiyar katakai, ya kama hanyar Kurfi. A hanya ba abin da yake tunani sai fuskar mahaifinsa.

Da suka isa, ya bar su a bayan katangar gida ya shiga zaure. "Baba, na zo da baƙi. Malamina ne, wanda ya koya mani aiki, shi da iyalinsa. Mutanen gabas ne."

Malam Lawal ya dube shi. "Ina suke?"

"Suna waje."

"Ka bar malaminka waje cikin rana? Shigo da su."

Da suka shigo, tsohon ya miƙe da sandarsa, abin da ya daɗe bai yi wa kowa ba, ya ba Malam Sukwaya hannu. Ya ce, "Kai ne ka ba ɗana abin da za ya ci har ya mutu. Nan gidanka ne. Wanda za ya taɓa ka sai ya fara da ni." Aka shigar da matar da yara wajen Inno. Sun yi kusan mako a gidan. Maƙwabta sun sani, ba wanda ya ce komai, wasu ma suka riƙa aiko da fura. Malam Sukwaya ya kasa zama haka nan, sai da ya bi ƙofofin gidan duk ya gyara, Malam Lawal yana zaune yana kallonsa suna hirar farashin dawa da wannan Hausa ta Malam Sukwaya.

Malam Lawal ne ya samo mafita. Akwai wani direba, Hudu, wanda ya daɗe yana ɗaukar masa hatsi zuwa Funtuwa, inda tashar jirgin ƙasa take. Ya kira shi ya ce amana ce zai ba shi. Aka yi lodi, aka bar wuri a tsakiyar buhuna, babban wan Ya'u ya zauna a gaba don duk wanda ya tare su ya ga fuskar da ya sani. Da za su hau, Malam Sukwaya ya kama hannun Ya'u ya juya tafin, ya shafa kantar da ta fito, ya ce, "Ka riƙe aiki. Ka koya wa yara." Matarsa da Inno suna ta kuka, ba mai jin yaren wata sosai. Hudu ya dawo ya ce ya ga shigarsu jirgi da idonsa.

Daga nan ba a sake jin labarinsu ba. Bayan yaƙi, da mutanen gabas suka fara dawowa suna buɗe shaguna, duk wanda Ya'u ya gani sai ya kwatanta masa malaminsa, gajere mai ƙiba, kafinta. Wani ya ce kamar ya san shi, wani ya girgiza kai. Ya'u yakan ce shi dai a ransa yana nan da rai, yana can yana sa wani yaro ya sake ƙafar teburi.

Maganar koyarwa kuwa ya riƙe ta. Rumfarsa ba ta rabuwa da masu koyo, 'ya'yan manoma da na fatake har da na malamai, kuma da aka buɗe ɗakin aikin hannu a wata makarantar garin, shi aka riƙa gayyata ya nuna wa ɗalibai riƙon zarto. Bai yi arziki na a zo a gani ba. Ya dai gina gida, ya aurar da tagwayensa da gadaje na hannunsa, ya sauke farali. Da idonsa ya yi rauni ya bar wa almajiransa rumfar, yakan zo ya zauna a gindin tsamiya, in an gama aiki a kawo masa ya shafa da hannu ya ce ya yi ko bai yi ba.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Da aka ɗauko makara daga masallacin unguwa, wani dattijo ya tuna cewa Ya'u ne ya yi ta, sadaka, shekarar da Malam Lawal ya rasu. An ɗauki mutane da yawa a kanta, ba ta taɓa neman gyara ba. A kanta aka kai shi.