Ƙunshin Da Iya Ta Hana Ni

Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a wata sakandare a Karaye, ciwon sanyi ya kama ni. Fitsari kamar an zuba barkono, kuma ba na kammala darasi ban fita ba. Asibiti yana kusa, sai dai yawancin ma'aikatan jinyar tsofaffin ɗalibaina ne. Na kasa tunanin tsayawa gaban yarinyar da na koya wa lissafi in yi mata wannan bayani. Kwana tara ina cijewa.

Abokina ya kwatanta mini wata tsohuwa mai magani a Jajaye. Na hau babur, da digirina da komai, ina rawar ɗari da tsakar rana.

Na same ta tana shanya gemun masara. Bayan doguwar gaisuwa na shiga kewaye-kewaye. Ta katse ni.

"Malam, fitsari ne ko? Daga zamanka na gane. Kowa yana yin sa, har liman."

Ta ƙunsa mini gemun masara da saiwar sabara, ta ce in tafasa, in yawaita shan ruwa. Wajen miƙo mini ne ta ji zafin hannuna. Ta ce in juya baya. Ta dunƙule hannu ta ɗan buga ƙasan haƙarƙarina. Sai da na yi ƙara.

Ta mayar da ƙunshin cikin kwando.

"Ciwon ya bar mara, ya hau ƙoda. Maganina iyakarsa mara. Tashi, yau ɗin nan sai asibiti."

"Iya, ɗalibaina ne a can."

"To, da ka koya musu, jakuna ka ce su duba? In ƙodar ta tsaya, kunyar ce za ta yi maka fitsarin?"

Na tafi. Likita ya saurare ni, ya ce in juya baya, ya dunƙule hannu, ya buga daidai inda Iya ta buga. Kwana biyar na yi a kwance. Ɗalibata ce ta yi mini allura, "Sannu Malam" kawai ta ce.

Har yau abin da ke girgiza ni ba yawan itatuwan da tsohuwar ta sani ba ne, a'a, sanin inda maganinta ya tsaya. Ana yawan kawo mini tambayar da ta fi ƙarfina, in amsa don kada a ce ban sani ba. Shekarata hamsin, ban tabbata na taɓa mayar da nawa ƙunshin cikin kwando ba.