Yatsun Iya da Hantar Ragona

Shekarar da na fara kiwon ragon layya da kaina, a ita ciwon shawara ya kama ni. Lokacin Nasara ba su daɗe da cin ƙasa ba, ana ta labarin wai jirgin ƙasa ya iso Kano, mu kuwa a ƙauyenmu na bayan duwatsun Dutse ko kukansa ba mu taɓa ji ba. Ina da shekara ashirin da ɗoriya, na yi aure, an yankar mini gona, an kewaye mini sashena. Abu ɗaya ya rage in cika maigida a idon kaina: ran Babbar Sallah in kame baki tun asuba, in sauko daga idi, in yanka ragona, in buɗe baki da hantarsa, yadda na ga magidanta suna yi. Ragon fari ne mai baƙin kunne. Na sayo shi ɗan ƙarami a kasuwar Jahun, na yi ta ɗura masa harawa da dusa har ya fara raina ni.

Kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah jikina ya mutu. Abinci ya fita raina, ko ƙanshin man shanu na ji sai zuciyata ta tashi, gefen cikina na dama ya yi nauyi. Matata ce ta leƙa fuskata wata safiya, ta ce, "Malam, idonka fa ya koma gwaiduwar ƙwai." Ba ta jira amsata ba ta tafi kiran Iya.

Iya kakata ce, mahaifiyar babana. Ita ta raine ni, don ban tashi na tarar da shi ba. Sana'arta rinin zare da rawaya, wato saiwar nan da ake haƙowa a saura idan an ƙone daji, a fere, a shanya, a daka ta zama gari. Da garin take rina wa masaƙa zare, da shi kuma take maganin shawara, har daga wajen Buji da Miga ana kawo mata marasa lafiya a kan jaki. Kullum da safe sai ta yi dakan rawaya kafin ta yi komai, shi ya sa ban taɓa sanin ainihin launin yatsunta ba.

Ta shigo ta ja fatar idona ƙasa, ta danna mini gefen ciki har na yi ƙara.

"Kai, wannan miji nawa rago ne," in ji ta, don haka take tsokanata tun ina goye. "Hantarka ce ta yi fushi. Daga yau ba mai, ba nama, ba gyaɗa, sai ran da na sake ka."

"Yaushe ke nan, Iya?"

"Ran da na sake ka."

Maganin jiƙo ne. Takan zuba garin rawaya a sabuwar tukunya da tsamiya, ya kwana, a tace, in sha ƙoƙo guda da safe, guda da yamma. Cewa take yi jiƙon yana tsare hanta ne kamar yadda shinge ke tsare gona, amma idan mai gona da kansa ya buɗe wa awaki ƙofa, kada ya ga laifin shinge. Awakin su ne mai da nama. Don haka cimata ta koma kunun tsamiya da tuwo da miyar kukar da ba ta san an halicci saniya ba.

Gaskiya dai maganin ya yi aiki, ba zan ci amanarsa ba. Cikin mako uku nauyin cikina ya sauka, ƙarfina ya dawo, idona ya washe, yunwa kuma ta dawo da 'yan'uwanta. Na ce wa Iya na warke. Ta ce ita ba ta yarda da ido, ido yakan riga hanta yin fari. Tana da gwajinta. Takan dakatar da jiƙon kwana uku, don kada launin maganin ya ruɗe ta, sa'an nan da hantsi a kawo mata bawalina a wani tsohon kasko, ta tsoma farar auduga, ta matse da yatsa biyu, ta ɗaga wa rana. In audugar ta fito fara, an warke.

Ta tsoma, ta matse, ta ɗaga. Rawaya.

"Da saura," ta ce, ta tafi wanke hannu.

Mako ya zagayo, rawaya. Wani makon ma rawaya. Ni kuwa ina ɗaukar dami biyu daga gona ban huta ba. Ran wata kasuwa na saci jiki na je wurin mai tsire, na miƙa masa kuɗin wuri ina waige-waige. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ka yi haƙuri, Iya ta riga ta aiko." Na je wurin mai ƙuli-ƙuli, ita ma an aika mata. Tsohuwar da ke tafiya da sanda ta riga ni zagaye kasuwa kaf. Da na dawo gida na tarar da ragona yana tuƙa, ya dube ni irin kallon wanda ya san zai tsira. Na ji haushi ƙwarai, har na fara lissafin ran Sallah kowa zai buɗe baki da hanta, ni da kunu.

Saura kwana huɗu Sallah matata ta same ni a gindin rumbu, tana danne dariya.

"Malam, na gano mai shawarar gidan nan."

Ashe ran gwajin da ya wuce ita ta zuba wa Iya ruwan wanke hannu, ta ga ruwan da ke zuba ƙasa rawaya ne sosai. Iya daga bakin turmi take zuwa wurina, garin yana maƙale a ƙarƙashin faratanta da tsagar yatsunta. Ta yi dabarar tsayar da jiƙo kwana uku, amma ta manta da hannun da ke matse audugar. Idonta kuma ya fara rauni, ba ta ganin cewa inda ta taɓa ne kaɗai ke rinewa.

Na miƙe zumbur zan nufi ɗakinta. Matata ta riƙe mini riga.

"Ina za ka? Matar da ake zuwa wurinta daga Miga za ka je ka ce mata ba ta iya ba?"

"To hantata fa?"

"Wacce, taka ko ta ragon? Bar ni da ita."

Ran jajibere aka kawo kasko. Iya ta zauna a tabarma ta ɗauko auduga, sai matata ta durƙusa ta ce, "Iya, ki koya mini mana. Yau ni zan tsoma, ke ki duba."

"Ka ji ta! Ta ƙwace mini miji, yanzu kuma sana'a take so." Amma ta ji daɗi, ta miƙa mata.

Matata ta tsoma, ta matse, ta ɗaga. Fara fat. Iya ta ce ba ta matse da kyau ba. Aka sake da sabuwa, fara fat. Sai ta karɓi wannan ɗin da hannunta ta murza, ta kawo ta daf da idonta. Tabo biyu na rawaya ne suka fito, ɗaya na babban yatsa, ɗaya na manuni. Ta daɗe tana duban audugar, sa'an nan ta juya tafin hannunta ta dube shi.

"Ashe ni ya kamata a hana nama," ta ce.

Muka fashe da dariya. Ni har da ƙari, na ce wata guda cur ta azabtar da mijinta a banza, sai ta biya ni da cinyar kaza. Ita ba ta yi dariyar ba.

"Wancan ma idonsa ya yi fari," ta ce.

Iya ba ta taɓa kama sunan babana ba, don ɗan farinta ne. Wancan take cewa, shi ma ba safai ba. Ni dai abin da aka gaya mini, ciwon ciki ne ya kashe shi.

"Ya yi ta roƙona, kamar kai. Ya ce ya warke. Lokacin ban san gwajin auduga ba, ido kawai nake dubawa. Na ce to, ci. Kwana tara ya yi." Ta jingina da sanda ta miƙe. "Auduga ta sake ka. Ni ban ce komai ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Ko naman ne ya kashe shi ko kwanansa ne ya ƙare, Allah ne masani. Amma shekara ashirin da wani abu tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni kuma ina yi mata ƙorafin tsire.

Washegari na kame baki, na je idi, na dawo na yanka ragon. Aka gasa hantar, ƙanshinta ya cika gida. Na sa ta a akushi na nufi ɗakin Iya, na zauna a bakin ƙofa.

"Iya, bakina a kame yake. In kin ce kunu, kunu zan sha."

Ta dube ni, ta dubi akushin. Ta ce a kawo mata ruwa da toka, ta goge hannunta sau uku, abin da ban taɓa ganin ta yi don rawaya ba. Ta ja fatar idona ƙasa, dama da hagu. Sa'an nan ta gutsuri hantar, ɗan mitsitsi kamar ƙwallon dabino, ta sa mini a baki da kanta.

"Ɗaya tak," ta ce. "Kada ka ƙara."

Ban ƙara ba. Sauran ita da matata suka cinye a gabana, suna yaba kiwona.

Daga ranar kullum da sassafe, kafin ta taɓa turmi, sai in ji ƙarar sandarta a ƙofar sashena. Ta ja idona, ta danna mini ciki, ta juya ta tafi. Na san kwana taran nan na babana take jira su wuce, ban kuma yi mata gardama ba. Haka ta yi kwana tara. Ran na goma ba ta zo ba, sai ta aiko da tuwo a akushinta na kanta, man shanu yana iyo a kan miyar.