Ramin da Kawu Bai Gama Cikewa Ba

Jiya ruwan farko ya sauka a unguwarmu ta Dala, nan Maiduguri. Da na ga kwata tana gudu jawur, sai na tuna Kawu, yayan mahaifiyata.

A can dutsenmu na Gwoza, masu fasa dutse sun kwashi abin da suke so, suka bar mana ƙaton rami a saman gari. A kan ramin nan Kawu ya ƙarar da ƙarfinsa. Yana jera duwatsu hawa-hawa, yana ɗauko ƙasa da taki a ka, har awakinsa ya sayar don dashen itatuwa. Kowace damina ruwa ya rushe rabi, shi kuma ya sake ɗorawa.

Da 'yan bindiga suka koro mu Maiduguri, ƙarar harbi ba ta tayar masa da hankali kamar hadari. Wata rana bayan ruwa ya ja ni bakin kogin Ngadda. Ya durƙusa, ya ɗebi ruwan a tafinsa, ya shinshina.

"'Yata, kin ga jan nan? Ƙasarmu ce ta biyo mu. Can babu mai mayar da dutse ko ɗaya."

Na ce, "Haba Kawu, ai da nisa."

Ya ce, "Kabarin mahaifiyarki yana gangaren da ke ƙasan ramin."

Bai koma ba. A nan muka binne shi, cikin rairayi. Har yau in aka yi tsawa, sai in ji kamar gangaren ne yake zamowa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya hutar da kafaɗunsa. Ya Allah, Ka riƙe mana dutsen nan har mu samu hanyar komawa.