Saƙon da na rubuta wa likitan mahaifina

A lokacin ina malamar Turanci a wata firamare kusa da Wara, shekarata ta biyu da fara aiki. Ni ce mai karanta wa unguwarmu duk takardar da ta zo da Turanci, kuma kaina ya kumbura da hakan. Mahaifina masunci ne, yana fama da hawan jini. Likitan da ke duba shi a Yauri ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, ba ya jin Hausa. Ya ba ni lambarsa, ya ce in riƙa sanar da shi halin da Baba yake ciki, tunda hanya da nisa.

Wata damina Baba ya daina shan maganin, wai yana kashe masa jiki in yana jan koma, wato ragar kamun kifi. Inna ta ce in kira wata yarinya ma'aikaciyar jinya a asibitin da yake zuwa, mai jin Hausa, in yi mata bayani. Na ƙi, na ce ai da likita zan yi magana kai tsaye. Na rubuta masa cewa Baba "stopped to take his drug". Ya amsa cewa madalla, mu zo bayan wata guda. Na yi mamakin amsar, amma na gaya wa Inna likita ya ce ba komai.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa a hankali. Baba ya riƙa riƙe ƙeyarsa bayan sallar asuba. Sau biyu filafilin tuƙa kwalekwale yana suɓuce masa a ruwa. Wata rana ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ina goye. Inna ta dube ni, ni kuma na sake cewa likita ya sani.

Ranar wata Talata da hantsi abokan sana'arsa suka kawo shi kwance cikin kwalekwale, bakinsa ya karkace.

A asibiti likitan ya tambaye ni yaushe Baba ya sha magani na ƙarshe. Da na ce an yi sati uku, ya buɗe wayarsa ya nuna mini saƙona. Ya yi mini bayani a natse cewa abin da na rubuta yana nufin Baba ya dakata da aiki don ya sha magani. In dainawa nake nufi, "stopped taking" zan ce. Wannan darasi yana cikin littafin da nake koyarwa da shi, na tsallake shi don ban gane shi ba, kuma na ji kunyar tambaya.

Baba ya rayu, amma hannunsa na dama bai sake riƙe koma ba. Har yau bai san abin da ya faru ba. Inna ta sani, kuma abu ɗaya ta taɓa ce mini: "Da kin kira yarinyar nan."

Ina roƙon duk wanda jama'a suka dogara da karatunsa ya ji tsoron Allah. In magana ta shafi lafiyar mutum, faɗe ta da harshen da ka tabbata da shi. In amsa ta zo maka a karkace, sake tambaya kafin ka ce wa na gida ba komai.