Ba A Jan Salatif

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina digiri na biyu a Abuja, akwai wata Asabar da ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce aka koya mini aikina a tsakar gida, a gaban 'yan mata shida masu jiran ƙunshi.

Binciken da nake yi a lokacin, sunansa ya fi shi girma. So ake a tattaro aikin ɗakin gwajin jini a ɗora shi kan ɗan gilashin da bai wuce tsawon yatsa ba. A ɗiga jini ɗigo ɗaya a bakinsa, jinin ya bi wata siririyar hanya da kansa, ya je ya haɗu da sinadari, launi ya sauya, a karanta sakamako. Ba sirinji, ba kwalba, ba a ce wa mara lafiya ya dawo jibi. A ƙasashen da suka wadata, da injuna ake sassaƙa hanyar nan. Mu kuwa abin da muke da shi salatif ne mai gam gaba da baya. A yanke hanyar a jikinsa da reza, a manna shi a gilashi, a rufe da farar leda mai kauri. Kafin a kai ga jini, da ruwan kala ake gwadawa.

To, nawa yoyo yake yi. Wata huɗu na yi ina yanka ina mannawa. In na gwada nan take, ruwan ya bi hanya lafiya lau, in yi ta murna. In abin ya kwana, washegari sai ruwan ya ratse ta ƙarƙashin salatif ya bazu ko'ina. Na sauya gilashi, na sauya kala, na zargi masu yin salatif ɗin, na zargi zafin gari. Mutum ɗaya ce ban taɓa zargi ba, wato ni.

Malamin da ke duba aikina yana da haƙuri, amma shi ma akwai na sama da shi. Wata Laraba ya ɗaga gilashina ya duba ta hasken taga, ya ajiye a hankali.

"Kin ga, lokaci ya ƙure mana. Ran Litinin ki kawo guda goma da suka kwana. In takwas suka yi aiki, mu ci gaba. In ba haka ba, ki ajiye wannan, ki koma raba takardun tambayoyi a asibitoci, ki samu ki gama tare da 'yan ajinku."

Na ce, "To, Malam." Sai da na shiga mota na rufe fuska da mayafi na yi kukana. Ina son aikin nan har cikin raina, kuma ga shi za a karɓe shi daga hannuna.

A Jiwa nake zaune, gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Gwaggo mai ƙunshi ce, irin na jan lalle da ake yanka salatif a fitar da zane, a manna a ƙafa, a shafa lalle a kai. Daga cikin gari ake zuwa neman ta. Ni dai, Allah ya yafe mini, abin da nake gani a sana'ar surutu ne da warin lalle. In zan wuce ta gaban masu jira har gyara farar rigar ɗakin gwaji nake yi a kafaɗa, don kowa ya san ba ajinmu ɗaya ba.

Ranar Asabar ɗakin gwaji a kulle yake, sai na kwaso kayana na baje a baranda da hantsi. Gwaggo tana gefe, ta manna nata salatif a kan tayil tana yanka wa ƙawayen wata amarya. Na ɗauko nawa na miƙar da shi tsaf, na danna a gilashi da ƙarfi yadda na saba. Ashe tana kallona.

"'Yar boko, wa ya koya miki manna salatif haka?"

"Gwaggo, wannan fa ba ƙunshi ba ne. Bincike ne."

"Na ji, bincike ne. Amma yoyo yake miki, ko?"

Ni kuwa ban taɓa gaya mata ba. Ban ma ga dalilin da zai sa in gaya mata ba.

Ta ce, "Tun daga nan na hango. Jan sa kike yi. Salatif in kika ja shi, zai kwanta miki yanzu, an jima ya tattare ya koma yadda yake, ya ɗaga baki. Da haka nake yi, ai da amarya ta tashi da ƙafa kamar ta taka manja."

'Yan matan suka kwashe da dariya. Wata daga cikinsu, wadda Hausarta ta kasuwa ce, ta ce, "Anti, ki ji magana fa. Mama ya san aiki. Ƙafan madam ɗin oga namu ma shi ne yake yi."

Raina ya ɓaci, har na fara tattara kaya in shige ɗaki. Sai na tuna Litinin. Na haɗiye girman kaina, wanda ba ƙarami ba ne, na tura mata farantin da kayan aikina ke kai.

Ta wanke hannu da sabulu, ta sa na goge gilashin, ta ɓare sabuwar reza. Ta kalli zanen hanyata mai kusurwoyi tsaf tsaf, wanda nake alfahari da shi, ta ce daga kusurwa yake fara ɗagawa, a lanƙwasa ta. Ta yanke. Sannan ta ajiye bakin salatif ɗin a gilashi, ta bar sauran ya kwanta da kansa, ta bi shi da bayan cokali daga tsakiya zuwa gefe. Biyu ta yi, ta ce in yi saura tana gani. Uku na farko ta ce in ɓare in sake. Haka na wuni, tana zana ƙafa tana leƙo ni, har na haɗa goma.

Ran Litinin na ɗiga ruwan kala a na farko. Na ga shuɗin ya kama hanya, ya sha kwana, ya isa ƙarshe, ko ɗigo bai ratse ba. Na biyu ma haka, har zuwa na biyar. Na shida ya yi yoyo, gabana ya faɗi. Sauran huɗun duk suka wuce. Tara cikin goma.

Malam ya gyara tabarau ya ce, "Me kika sauya? A wace mujalla kika gani?"

Wallahi ƙarya ta zo har bakina. Kunya nake ji in ambaci lalle a ɗakin gwaji. Na daure na ce, "Gwaggona ce, Malam. Mai ƙunshi ce."

Ya yi dariya, amma ba ta raini ba. Ya ce, "To ki rubuta shi a bayanin aikinki yadda ta faɗa: kada a ja, a lanƙwasa kusurwa. Kuma ki tambayo mana ko za ta samu lokaci, akwai mutum uku a lab ɗin nan da nasu ke yoyo."

Na koma gida da la'asar kamar in tashi sama, na durƙusa na ba Gwaggo labari. Ban samu guɗar da na zata ba. Cewa ta yi, "Tara? Kawo ɗayan in ga inda kika ja."

Har yau ɗan gilashin nan bai kai asibiti ba, muna kan aiki, amma yanzu da jini ake gwada shi, kuma ina da yaƙinin zai kai, in Allah ya so. Abin da na koya kuwa shi ne, ba rashin inji ne ya cinye mini wata huɗu ba, raini ne. Amsar tana tsakar gidanmu, kullum sai na tsallake ta in fita nema. Yanzu in aiki ya ƙi ci, nakan fara tambayar kaina: wa ke yin irin wannan da hannunsa a kusa da ni, wanda ban taɓa tsayawa na gaishe shi da aiki ba?