Malmala Ɗaya ta Inna

Shekarun baya, ina koyarwa a Gwarzo, gwiwata ta sa ni a gaba har sujada ta fara gagarata. Likita ya dubi tumbina ya ce ko in rage ƙiba, ko in saba da sallah a kan kujera. Ni da ban kai arba'in ba, in koma gefen sahu da dattawa? Abin ya tsaya mini a rai.

Wani abokina ya sa mini wata manhaja a waya, ka rubuta abin da ka ci, ta lissafa maka kalori, wato yawan abin da ke sa ƙiba a cikinsa. Da ƙyar na samo tuwon dawa a cikinta. Don kada a yi kuskure, na ɗauki malmala guda na kai sikelin mai sayar da fulawa, mutane na kallona kamar na zautu.

Tun ina saurayi tuwon mahaifiyata nake ci bayan magariba, aure bai sauya wannan ba. Na ce, "Inna, daga yau malmala ɗaya tak." Ta ce, "To, Allah ya ba da lafiya."

Wata uku ina fama. Na bar fura, na bar tsire, kullum in rubuta malmala ɗaya, manhaja tana ta yaba mini. Na hau sikelin kemis, wai na ƙaru! Na ce sikelinsu ya lalace, na hau babur har Kabo, can ma haka. Ranar abokina ya sha masifa, shi da manhajarsa.

Wata Laraba na shiga gidan kafin magariba, na tarar Inna tana kwasar tuwo. Na kowa da marar da na sani take kwasa. Da ta zo kan nawa sai ta jawo wata sabuwa, uwar mara, ta cika ta fam, ta huda tsakiyar tuwon ta ɗura man shanu, ta shafe bakin.

Na ce, "Haba Inna! Wata uku fa!"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗaya ka ce, ɗaya nake ba ka."

Raina a ɓace na shiga yi mata bayanin likita da gwiwa. Ta bari na gama, ta ce, "Ciwon ajalin mahaifinka ma da rama ya fara. Ni ba zan zauna ina kallon wuyanka yana fitowa ba."

Washegari na kai ta wajen likitan ta ji da kunnenta, sannan aka dawo da tsohuwar mara. Yau ina sujada lafiya lau.

Har yanzu in na tuna wata ukun nan da na yi babu tsire sai in ji haushi. Manhajar ba ta yi mini ƙarya ba, abin da na rubuta ta lissafa. Tsoron da ke zuciyar Inna ne babu inda ake rubuta shi a ciki.