Shinkafar da Joygun Ba Ta Ƙirgawa

Shekara arba'in Joygun Nesa ta yi tana ɗinkin bargon ado a ƙauyensu na wajen Jamalpur, ba ta taɓa cewa wani ya zura mata zare a allura ba. Tsofaffin zannuwa take shimfiɗawa bisa juna, ta bi su da ɗinki ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, har zanen kifi da na furen ruwa su fito a jiki. Da allurar nan ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, ta aurar da 'ya'ya uku. Sai ga shi bana ramin allura ya fara yi mata wasan ɓuya.

Likitar da ta duba ta, mai kiranta Chachi, wato gwaggo, ba ta yi wani kwana-kwana ba. "Chachi, ciwon suga ne, ya kuma taɓa idanunki. Na hagu ya yi nisa. Na daman nan za mu yi ƙoƙarin tsarewa. Shinkafa kofi ɗaya da rana, gurasa biyu da yamma, ganye da kifi kuwa ki ci ki ƙoshi. Awa biyu bayan cin abinci a gwada jini, kada awon sugan ya wuce goma."

Tsoro ya kama Joygun. Ta bar shayi mai zaƙi, ta bar mazarƙwailar dabino da take so kamar ranta. Ɗanta ya aiko da na'urar gwaji daga Dhaka, matarsa Shefali ce ke huda mata yatsa. Da kanta take auna kofi ɗayan nan, har tana share bakinsa da wuƙa. Amma na'urar ba ta san kunya ba: yau sha bakwai, gobe sha tara.

"Ma, anya ba ki da wata tukunya a ƙarƙashin gado?" in ji Shefali, mai kiranta Ma, wato uwa, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Bouma, matar ɗana, ki iya bakinki. A gidana zan yi satar abinci?"

Kuma gaskiyarta ta faɗa, iya saninta. Wata uku ana haka, yatsunta duk sun yi tsami, hazon da ke idon hagu ya fara leƙowa na dama. Takan zauna da bargo a cinya ta yi ta kuka ba sauti, tana tambayar Allah me kuma ya rage ta bari.

Ranar da asiri ya tonu, Shefali ta koma bakin famfo ɗaukar sabulu, ta tarar da Joygun tsugune gaban kwanonin wanki. Ta tattara abin da jikoki suka rage, ta kankare ƙanzon tukunya, ta haɗa a kwano guda tana ci a natse. Ya fi kofi biyu.

"Ma, wannan fa?"

Joygun ta ɗago da mamaki. "Wannan ai ba abinci ba ne, ragowa ce."

"To jininki ya san ragowa ce? A zuba wa agwagi mana."

"Agwagwa ta ci abin da uwata ta mutu tana nema?"

Kowa a gidan ya san labarin. Shekarar da aka yi babbar ambaliya da yunwa, Joygun tana da shekara takwas. Mahaifiyarta ta riƙa bin gidaje tana roƙon ruwan da aka tace daga dafaffiyar shinkafa, ta kawo mata a ƙoƙo, kullum ta ce ita ta riga ta sha a hanya. Mahaifiyar ba ta ga kakar shekarar ba. Tun daga nan ƙwayar shinkafa ba ta taɓa kaiwa ƙasa a gaban Joygun ba.

Shefali ta rage awon girki, Joygun ta ce idan baƙo ya zo fa, da wane ido za ta kalle shi? Shefali ta riƙa rigan ta kwashe kwanoni, Joygun ta daina yi mata magana kwana huɗu.

Rana ta biyar da safe ta ɗauki allura. Ta gwada, ta lashi zare, ta juya wajen haske, ta sake gwadawa, zaren ya ƙi shiga. Shefali ta zo ta karɓa ta zura mata, ta ajiye a cinyarta ta koma aikinta. Da ma zaginta ta yi, da ya fi sauƙi.

Bayan abincin rana Joygun ta tattara ragowar da kanta, ta nufi bakin tafki. Ta daɗe tsaye da kwano a hannu.

"Ma, ki yafe mini," ta ce a hankali, da mahaifiyarta take. "Idona nake so."

Ta kifar da kwanon. Agwagi suka yi caa a kai, ita dai kukansu take ji, ƙwayoyin ba ta gan su ba. Da ta juyo sai ta ji guda ɗaya manne a yatsan da ake huda mata. Ta kai shi har bakin leɓe, ta tsaya, sannan ta ɓamɓare ƙwayar ta ƙulle ta a gefen zaninta.